Yadda Ikilisiya Za Ta Riƙe Mai Bisharar da Ta Aika Ƙasar Waje

Ranar sallamar mai bishara kowa gwani ne. Majami'a ta cika, zumuntar mata sun sha anko, an ɗora wa mutumin da matarsa hannu, an yi baiko na musamman, an raka su tasha. Wata uku na farko kuɗi na tafiya. A wata na shida ma'aji ya fara cewa "sai dattawa sun zauna." Kafin shekara ta zagayo, sai a sujadar shiga sabuwar shekara ake jin sunansa. Na sha ganin haka a ikilisiyoyinmu, daga ƙasar Zuru zuwa Yawuri da Birnin Kebbi, kuma ba mugunta ke kawo shi ba. Ba a tsara komai ba ne tun farko.

Ku fara da iyali ɗaya. Ƙaramar ikilisiya da ta ce tana tallafa wa "aikin mishan" gaba ɗaya, a ƙarshe ba wanda take tallafa wa. Ku zaɓi gida guda da kuka san sunayen 'ya'yansa, kuma ku bi ta hannun ƙungiyar da ta aike shi: EMS, ƙungiyar mishan ta ɗarikar ECWA, wadda ke wannan aiki tun 1948, ko CAPRO da aka kafa a 1975, ko ofishin mishan na ɗarikarku, UMCA ce ko Baftis ko wata. Wanda ya ɓullo a Facebook da hotunan marayu da lambar asusu, ba ikilisiyar da ta san shi, ni dai ba na ba shi ko sisi. Sai ku naɗa mutum uku su riƙe aikin, lalle da mace a cikinsu. Kada a ɗora wa fasto. Ana yi masa canjin wurin aiki, ranar da ya kwashe kayansa alkawarin ya bi shi.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa, wato kuɗi.

Kafin ku yi alkawarin komai, ku tambayi mai bisharar abin da gidansa ke ci a wata: haya, hatsi, magani, man babur, makarantar yara. Ya rubuto da kuɗin ƙasar da yake zaune. Yawancin waɗanda ake aikawa daga yankinmu Nijar suke zuwa, ko Benin, ko Burkina Faso da Mali, kuma duk sefa ake kashewa a can. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa kun ga abin da ya same ta. A watan Yunin 2023 gwamnati ta sake ta, dalar da ake lissafawa kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Ko a wajen 'yan canji, darajar naira ta ragu da kusan rabi. Ikilisiyar da ta yi alkawarin naira dubu talatin a wata, ta ci gaba da aika dubu talatin ɗin da zuciya ɗaya, ba ta san ta raba abincin mutuminta biyu ba. Shi kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Don haka ku yi alkawarin da sefa. Ku ce jika kaza za mu riƙa aikawa, kamar yadda mutanen Nijar ke kiran sefa dubu, sannan duk wata uku kwamiti ya tambayi farashin canji ya gyara abin da za a tara na naira. Idan ƙarfinku rabin buƙatarsa ne, ku gaya masa rabi za ku iya, ya san inda zai nemi sauran.

Ku sa rana. Ni na fi son makon farko na wata, lokacin da masu albashi ba su gama kashe nasu ba. Kaɗan da ke zuwa a kan lokaci ya fi mai yawa da ba a san ranar zuwansa ba, domin mai gidan haya a Dosso ta Nijar ko Kandi ta Benin ba ruwansa da cewa baikon Lahadin da ta wuce bai yi kauri ba. A cikin wasiƙarsa ga Filibiyawa, sura 4, abin da Bulus ya yaba musu shi ne sun aika masa da taimako ba sau ɗaya ba tun yana Tasalonika, a lokacin da sauran ikilisiyoyi ba su yi ba.

Kuɗin mishan ya zauna a asusunsa daban, da sa hannun mutum biyu. Wannan doka ce, ba shawara ba. Muddin yana cikin babban asusun ikilisiya, ranar da iskar farkon damina ta yaye kwanon majami'a za a ce a ara a mayar, kuma ban taɓa ganin an mayar ba.

Manoma fa, waɗanda ba su da albashi? Su ne ma suka fi iya wannan aiki in an bi da su yadda ya dace. Kada ku nemi kuɗi a hannunsu kowane wata. A kaka, ranar godiyar girbi, a ware gefe guda na mishan: wannan ya kawo tiya biyar ta dawa, wancan rabin buhun masara, wata ta kawo wake. Kuskuren da ake yi shi ne a kwashe a kai kasuwa a makon, lokacin da hatsi ya fi araha. Ku ajiye a ɗaki mai bushewa, a kan katako, waken a buhun nan mai leda biyu a ciki don kada ƙwari su cinye shi, ku riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan daga bazara zuwa tsakiyar damina. Ba kowace shekara farashi ke tashi yadda ake so ba, amma ko bai tashi ba kun sami abin aikawa a watannin da aljihun kowa ya bushe.

Wajen aikawa, ku bi ta ofishin mishan in akwai hanya, ko da za a ɗan jinkirta, domin akwai rasit. Ba da kuɗi a hannun direban da ke bi ta Kamba zuwa Gaya ta Nijar ya fi sauri, ya kuma fi arha, na sani. Ku ba shi daddawa da kuka da garin yaji da Littafi Mai Tsarki na Hausa, amma ban da kuɗin wata. Kuma tun da kowace turawa sai an cire lada, gara a haɗa na wata biyu ko uku a tura gaba ɗaya, na gaba ba na baya ba. Ku yi ƙoƙari kullum ya kasance yana da na wata uku a hannu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, an rufe iyaka daga Agusta har zuwa Maris na 2024. Wanda ke jiran saƙo wata-wata ta mota a lokacin, ku yi tunanin yadda ya ci da iyalinsa.

Bayan kuɗi sai magana. Ku saya masa data, ku riƙa tura saƙon murya ta WhatsApp, ko na minti ɗaya ne. Ku ba shi labarin gida: wa ta haihu, wa ya rasu, yaya damina, an gama rufin ajin Lahadi ko ba a gama ba. Abin da ba na so a yi shi ne tambayar "mutum nawa suka tuba?" a kowane kira. Akwai wuraren da mutum zai shekara biyu yana koyon Zabarmanci ko Fulatanci kawai, yana gaisawa da maƙwabta, yana zuwa suna da jana'iza. In kuka matsa masa da lissafi, ko dai ya karaya ko ya fara ƙara gishiri a rahoto. Ku tambaye shi me za a yi masa addu'a a kai, ku kawo shi da suna a taron addu'ar tsakiyar mako, daga baya ku sake tambaya yaya aka ƙare. Matarsa kuma zumuntar mata su kira ta ita kaɗai, a wayarta. Ita ce ke wuni a gida cikin mutanen da ba ta jin harshensu sosai, kuma sau da yawa gajiyarta ce ke dawo da iyali gida.

Hoton da ya turo muku, naku ne ku kaɗai. Kada a sa shi a Facebook, kada a rubuta sunan ƙauyen, kada a nuna fuskar wanda aka yi wa baftisma. A Janairun 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, kuma sha'anin tsaro a yankin Tilaberi da arewacin Benin ba ɓoyayye ba ne. Mu da ke Kebbi da Zamfara ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Ku tambaye shi abin da ya yarda a faɗa a bagadi, ku tsaya a nan.

Akwai nauyin da ya bari a gida, wanda ba ya cikin lissafin wata. In yana da tsofaffi a ƙauye, matasa su yi musu gayya a noman farko da girbi, a riƙa leƙa su da magani. 'Ya'yansa kuma makarantar Faransanci za su shiga a can, ranar da suka isa sakandare dole a yanke shawara: su ci gaba a can, ko su dawo su zauna a gidan wani su yi jarrabawar WAEC a nan. Ku tayar da zancen tun yaron yana aji huɗu, ku san gidan da zai karɓe shi da wanda zai biya.

In ya zo hutu, ku biya kuɗin motar zuwa da komawa, ku kai shi da iyalinsa asibiti a duba su, ku ba shi Lahadi guda ya ba da rahoto kamar yadda Bulus da Barnaba suka yi da suka koma Antakiya. Sauran kwanakin ku ƙyale shi ya huta, kada a mai da shi mai wa'azin kowane taro a gunduma. Kuɗin watan hutu ma a biya shi cif, hayar gidansa na can ba ta tsaya ba. Kafin ya koma, kwamiti ya zauna da shi da matarsa a sake duba lissafin nan na sefa, a rubuta sabon adadi, kowa ya sa hannu.