Kurakuran da ke sa a hana mutum bizar yawon buɗe ido

Duk wanda ya daɗe yana duba wa mutane takardun neman biza ya san ba sababbin kurakurai ake yi ba. Tsofaffin ne dai ake ta maimaitawa, yau wannan, gobe ƙaninsa. Mutum ya biya kuɗin da ba a mayarwa, ya yi makonni yana zaman jira, a dawo masa da fasfo haɗe da 'yar takardar ƙi, sai ya ce ƙiyayya ce ko rashin sa'a. Wani lokacin ana yin rashin sa'ar. Amma sau tari idan ka buɗe takardun da ya kai, za ka tarar shi ya haƙa ramin da hannunsa.

Jami'in da ke duba takardunka tambaya ɗaya ce a ransa: wannan mutumin in ya je, zai dawo? Amurka ma a dokarta ta rubuta shi, sashe na 214(b), cewa duk mai neman bizar ziyara ana ɗaukarsa mai niyyar zama ne a can har sai ya nuna ba haka ba ne. Sauran ƙasashe da wasu kalmomin suke faɗa, amma manufar ɗaya ce. Kowace takarda da ka miƙa amsa ce ga wannan tambayar, kuma dole dukkansu su ba da labari iri ɗaya.

Mu fara da banki, don nan aka fi faɗuwa. Saura mako biyu a kai takardu, sai mutum ya bi 'yan'uwa da abokai ya ranto kuɗi masu kauri, ya zuba a asusunsa, ya je ya buga bayanan asusun yana murmushi wai ya nuna ƙarfi. Malam, ba ƙarfi ka nuna ba, asirinka ka tona. Jami'in ba layin ƙarshe yake kallo ba, daga sama yake farawa. Shi ya sa ake neman bayanan wata uku, wasu ofisoshin wata shida. Yana son ya ga albashi ko cinikin da ke shigowa a kai a kai, ya ga yadda kake kashewa, ya ga abin da ke saura a ƙarshen wata. Asusun da ya yi wata biyar bai taɓa riƙe fiye da albashin wata ɗaya ba, rana tsaka ya wayi gari da ninki ashirin, ba sai an yi bincike ba za a gane da wata a ƙasa. Abin da jami'in zai rubuta shi ne ba a san asalin kuɗin ba, kuma babu tabbacin naka ne. Ofishin Birtaniya musamman ya sha ƙin mutane a kan wannan dalilin kaɗai.

Gyaran ba shi da wuya, haƙuri yake so. Ka fara shirin tun wata shida kafin tafiya, ka riƙa bin da kuɗin shigarka ta asusun da za ka nuna. Ɗan kasuwar da ke juya kuɗi masu yawa a hannu amma asusunsa fayau, a idon jami'i ba shi da komai, komai girman shagonsa. Idan da gaske wani babban kuɗi ya shigo maka, ka sayar da fili ko mota, ko an raba gado, ka haɗa da takardar cinikin ko ta rabon, ka kuma yi bayani a layi biyu cikin wasiƙarka. Idan wani ne zai ɗauki nauyin tafiyar, kada ya tura maka kuɗin a ɓoye. Ya rubuta wasiƙa ya sa hannu, ya haɗa da bayanan asusunsa da shaidar dangantakarku. Sannan ka auna tsadar tafiyar da samunka. Wanda ya ce zai kashe albashin wata takwas a hutun kwana goma, ko shi aka ba wa fayil ɗin ya duba ba zai yarda ba. Ni shawarar da nake bayarwa kullum ita ce a rage kwanaki: tafiyar kwana bakwai da aljihunka zai ɗauka ta fi ta wata guda da sai an yi rance.

Na biyu kuwa shi ne wanda ya fi ɓata mini rai, domin na banki hana ka biza kawai zai yi, wannan kuwa yana iya rufe maka ƙofa shekaru. Mutum mai hankalinsa, mai karatu, ya ɗauki fasfo da kuɗi ya damƙa wa ejan, ya ce a cike masa fom, bai ko karanta abin da aka rubuta da sunansa ba. Shi ejan so yake fayil ya yi kyau. Gwauro sai ya zama mai mata da 'ya'ya uku. Ƙaramin ma'aikaci ya zama manaja. A haɗa masa takardar wurin aiki ta bogi da takardar kama ɗaki a otal ɗin da bai san da zuwansa ba. Ranar ganawa a tambaye shi sunan matarsa, ya tsaya yana kallon rufi. Ko kuma ofishin ya ɗaga waya ya kira lambar da ke kan takardar aikin, a ce ba a san mai wannan sunan ba. Suna kira kuwa, kada wani ya ruɗe ka.

Mafi muni a cikin ƙaryar nan ita ce tambayar da ke kusan kowane fom: an taɓa hana ka bizar wata ƙasa? Sai a danna "a'a" wai don kada a ɓata fayil. Haba! Ka manta ka dangwala yatsunka goma a na'ura? Ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, rumbun bayanan biza ɗaya suke amfani da shi, wanda Italiya ta ƙi, Jamus na gani. Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan su ma suna musayar bayanan shige da fice a tsakaninsu. Canja fasfo ba ya canja yatsa. An taɓa hana ka biza ba laifi ba ne, dubban mutane an hana su sun sake nema sun samu. Ɓoyewar ce laifi. A Birtaniya wanda aka kama da yaudara a takardun neman biza ana iya hana shi har shekara 10. A Amurka, ƙarya da gangan a kan abin da ke da tasiri ga hukuncin biza haramci ne na din-din-din, sai in an yi wa mutum afuwa ta musamman, ita kuma ba araha take ba. Kuma cewa "ba ni na cike ba, ejan ne" ba ta fisshe ka, sa hannunka ne a ƙasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a harkar biza ma ya fi ƙurewa.

Ba na cewa kada a nemi taimako. Fom ɗin Amurka na DS-160 dogo ne, yana tambayar tafiye-tafiyenka na baya da wuraren da ka yi aiki, tun 2019 kuma har sunayen da ka yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekara biyar. Wanda bai saba da kwamfuta ba dole ya nemi mai taya shi. Amma ka zauna kusa da shi, kai ke ba da amsa shi ke dannawa. Kafin a tura, a karanta maka layi bayan layi, ka kuma ajiye kwafi, saboda fom ɗin da za ka cike bayan shekara uku dole ya dace da na yau. Duk wanda ya ce maka yana da mutum a ciki, ko ya ba ka tabbacin biza, tashi ka ba shi wuri. Kamfanonin da ke karɓar takardu a madadin ofisoshin jakadanci, irin su VFS Global da TLScontact, su kansu ba su da ta cewa a hukunci, karɓa suke yi su miƙa.

Sai batun zaɓen ofishi a yankin Shengen, wanda yanzu ƙasashe 29 ne. Ana yawan cewa "nemi ta ƙasa kaza, sun fi sauƙi, in ka samu sai ka wuce inda kake so". Ka'idar ita ce ka nema a ofishin ƙasar da ita ce ainihin inda za ka, wato inda za ka fi daɗewa. Idan kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za ka fara shiga. Kwana biyu a Sifen, kwana takwas a Faransa: ofishin Faransa za ka. Wanda ya karɓi bizar wata ƙasa ya sauka a wata da takardun otal ɗin da ya riga ya soke, jami'in filin jirgi na da ikon mayar da shi. Af, Birtaniya da Ayilan ba sa cikin Shengen, bizarsu daban, har yanzu ana samun mai tsara tafiya daga Faris zuwa Landan da biza ɗaya.

Akwai kuma rashin iya karanta bizar bayan an samu. Wa'adin biza daban, kwanakin da aka yarda ka zauna daban. A bizar Shengen za ka ga ranar farawa da ranar ƙarewa, sannan wani gurbi mai adadin kwanaki, da wani mai nuna sau nawa za ka shiga: 1, 2 ko MULT, wato sau da yawa. Biza mai wa'adin wata guda amma kwana 12 a rubuce, kwana 12 ɗin ne naka. Mai biza ta shekara ɗaya ko biyu kuma yana ƙarƙashin dokar kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma baya ake waiwayawa a ƙirga, ba daga ranar da ka sake shiga ba. Misali ka shiga 1 ga Maris ka fita 29 ga Afrilu, ka ci kwana 60, don ranar shiga da ranar fita duk ana lissafa su. Ka dawo 1 ga Yuni, kwana 30 kacal suka rage maka. Tun Oktoban 2025 yankin ya fara rubuta shiga da fita a na'ura maimakon dogaro da hatimi, don haka batun jami'i bai lura ba ya wuce. A Amurka kuwa biza izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai. Jami'in filin jirgi ke yanke ranar da za ka fita, tana cikin bayanan shigarka ƙasar da ake kira I-94, waɗanda za ka iya dubawa a intanet. Wanda ya zarce fiye da kwana 180 ya fita, shekara 3 ba zai koma ba. Wanda zarcewarsa ta kai shekara ɗaya, shekara 10 ba zai koma ba.

Fasfo: ƙasashe da yawa suna son saura wata shida kafin ya mutu. Shengen wata uku take nema bayan ranar fitarka, da shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma kada ya wuce shekara 10 da bugawa. Suna ya zama harafi da harafi yadda yake a fasfo, a fom da tikiti da inshora. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da kai a wurin awon kaya. Hoto na cikin wata shida ake so, na Shengen milimita 35 da 45, na Amurka inci biyu kowane gefe kuma ba tabarau. Hijabi ko rawani ba matsala, muddin fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa. Inshorar lafiya ta Shengen kada ta gaza yuro 30,000, ta rufe dukkan ƙasashen yankin da dukkan kwanakin, ba a bar ranar dawowa a waje ba.

Lokaci ma ana wasa da shi. Shengen na karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya, hukunci yakan ɗauki kwana 15, yana iya kaiwa 45. Birtaniya wata uku kafin tafiya, amsa kamar mako uku. Amma ba nan jinkirin yake ba, samun ranar kai takardu ne, musamman gab da hutun bazara na Turai. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito, ajiyar kujera ta gaskiya ta wadatar a mafi yawan ofisoshi. Kuɗin neman bizar kansa, yuro 90 na Shengen ko dala 185 na Amurka, an ba ka ko an hana ka, ya tafi.

Yada zango: masu fasfon wasu ƙasashe suna bukatar biza ko da canjin jirgi kawai za su yi a filin jirgin Turai ba tare da fita ba. A duba wannan kafin a yi murnar tikiti mai araha. Katin rigakafin cutar shawara sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, wanda ya yi ta ana gobe tafiya bai yi komai ba. Daga nan kuma na har abada ne, tun gyaran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2016. Bizar yawon buɗe ido ba ta aiki ba ce, ko da aikin 'yan kwanaki ne a shagon ɗan'uwa. Ta Saudiyya, wadda aka fara bayarwa a 2019, ana Umara da ita amma ba a Hajji. Yaron da zai yi tafiya da uwa kaɗai ko uba kaɗai, a riƙe takardar haihuwarsa da rubutaccen izinin ɗayan. Bizar intanet kuma a shafin gwamnatin ƙasar ake nemanta, akwai shafuka masu kama da shi da ke ninka kuɗi ko su cinye gaba ɗaya.

In an hana ka, kada ka garzaya washegari da takardun jiya. Karanta dalilin. Shengen fom take bayarwa da alama a kan dalilin ƙin, tare da bayanin yadda ake ɗaukaka ƙara. Bizar ziyara ta Birtaniya galibi ba ta da ɗaukaka ƙara, sai sabon nema, amma wasiƙarsu kan faɗi takamaiman abin da bai gamsar da su ba, har ranar da kuɗin da suke zargi ya shiga asusu. Wannan wurin za ka gyara, ka kuma ambaci ƙin da aka yi maka a sabon fom ɗin da kwanan watansa.

Ranar da ka karɓi fasfo da biza a ciki, kada ka bar wurin sai ka duba suna, lambar fasfo, ranakun da adadin kwanaki. Su ma suna kuskuren bugu, kuma gyaransa a nan ya fi sauƙi a kan a gaban ma'aikacin jirgi. Kwafin takardun da ka nemi bizar da su, na otal, na inshora, tikitin dawowa da adireshin mai masaukinka, su shiga jakar hannu, ba akwatin da za a auna ba, domin jami'in da zai tambaye ka su yana zaune ne kafin wurin ɗaukar kaya.