Darasi na 9: Idli, kalacin mutanen kudancin Indiya

Toh jama'a yau darasinmu na girki ne, kuma za mu haɗa shi da ɗan lissafi da sanin lokaci. Ku karanta a hankali, inda kalma ta yi wuya ku tsaya ku sake.

Idli wani farin abinci ne mai laushi, zagayayye, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. A kudancin Indiya ake cinsa da safe, jihohin Tamil Nadu da Karnataka da Kerala da Andhra Pradesh, har ma da ƙasar Sri Lanka. In kun ga ƙullunsa za ku ce na waina ne don shi ma shinkafa ce ake jiƙawa a markaɗa a bari ta kwana, amma shi idli ba ya ganin tanda, ba a soya shi, turara shi ake yi. Kuma ba a sa masa yis ko sukari.

Kayan haɗinsa kaɗan ne. Shinkafa kofi 4, an fi son wadda aka turara tun tana cikin ɓawonta, sai wani wake da Indiyawa ke kira urad kofi 1, hulba ƙaramin cokali 1, sai gishiri da ruwa. Shi urad ɗin nan ƙanana ne ƙwayoyinsa, bayansa baƙi, in an cire ɓawon sai ya koma fari tas, kuma wanda aka cire wa ɓawo shi ake amfani da shi. Ana samunsa a shagunan da ke sayar da kayan abincin Indiya a manyan birane. Wani zai ce ai ga wakenmu na gida, me zai hana? Gaskiya ba zai ba ku abu ɗaya ba. Urad yana da wani irin yauƙi in an markaɗa shi, yauƙin nan shi ke riƙe iska a cikin ƙullu, shi ya sa idli ke fitowa da ƙananan ramuka a ciki yana lotsawa in an taɓa.

A wanke shinkafa a jiƙa ta daban, a wanke urad a jiƙa shi tare da hulba a wata roba daban, su yi awa 4 zuwa 6. Kar a haɗa su wajen markaɗe, nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin. Urad ake fara markaɗawa, ana yayyafa ruwa mai sanyi kaɗan kaɗan har sai ya yi laushi sosai ya yi kumfa ya ƙaru, in kuna son ku gane ya yi sai ku ɗiba kaɗan ku jefa cikin kofin ruwa, in ya taso sama toh ya yi, in ya nutse a ƙara markaɗawa. Ita kuwa shinkafa ba a so ta yi luƙwi, a bar ta da ɗan tsaki-tsaki yadda in an murza da yatsu za a ji shi. A can Indiya gidaje da yawa suna da injin markaɗe mai dutse a ciki wanda yake juyawa a hankali ba ya ɗumama ƙullu, garin Coimbatore ya yi suna wajen ƙera irinsa. Mai blenda sai ya riƙa tsayawa yana barin ta ta huce.

Daga nan a juye su wuri ɗaya a sa gishiri a gauraya da hannu mai tsabta. Kaurin ya zama in an ɗebo da ludayi yana zubowa a hankali, ba tsululu ba. A samu babbar roba don ƙullun zai tashi ya kusa ninka kansa, wanda ya cika roba taf da dare da safe zai tarar da shi a ƙasa. A rufe a ajiye wuri mai ɗumi awa 8 zuwa 12.

Me ke faruwa a cikin robar nan da dare? Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna nan a jikin waken da shinkafar tun asali, su ne ke cin sitacin suna fitar da iska da ɗan tsami. Zafi suke so. Shi ya sa lokacin bazara ƙullu kan tashi da wuri, a yi hattara kar ya zarce ya yi tsami da yawa, amma da hunturu sai an lulluɓe robar da tsumma an ƙara masa lokaci. Da safe za ku ga samansa ya yi ƙuraje-ƙurajen kumfa, ƙanshin tsami na tashi. A juya shi sau ɗaya ko biyu kawai, in aka yi ta bugawa iskar za ta fice idli ya fito da tauri.

Tukunyar idli tana da faranti masu ramuka da ake jerawa wani kan wani, ruwa na tafasa a ƙasa. Wanda ba shi da ita gwangwanin alale ya wadatar, a dai zuba ƙullu rabi kawai. A shafa ɗan mai a ramukan, a zuba, a rufe, minti 10 zuwa 12. A soka tsinke a tsakiya, in ya fito ba ƙullu a jikinsa ya nuna. A bari ya sha iska minti 2 sannan a ciro da cokalin da aka tsoma a ruwa.

Shi kaɗai idli ba shi da wani ɗanɗano mai ƙarfi, mahaɗin shi ne magana. Da sambar ake ci, wata miya ce ta wake da tsamiya da kayan lambu, sai kuma markaɗaɗɗiyar kwakwa da ɗanyen barkono. Ragowar ƙullu in ya ƙara kwana ya ƙara tsami sai a sirka da ruwa a shimfiɗa shi siriri a kasko, wannan shi ake kira dosa. Akwai ma wani idli na semolina, rava idli, wanda ya fito daga birnin Bengaluru na Indiya lokacin yaƙin duniya na biyu da shinkafa ta yi ƙaranci.

Aikin aji

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku uku a littafinku: shinkafa, hulba, ƙullu, tururi, tsamiya.

Sai lissafi. In shinkafa kofi 4 tana buƙatar urad kofi 1, kofi nawa na urad za a sa wa shinkafa kofi 12? Sannan in Ladi ta gama haɗa ƙullunta ƙarfe 8 na dare kuma yana buƙatar awa 10 kafin ya tashi, ƙarfe nawa za ta ɗora tukunya? Ku zo da amsa ranar darasi na gaba.