Darasi na Bakwai: Yadda Ake Sa Adaftan Bulutut a Kwamfuta

Toh 'yan uwa, a darasin baya mun ga ramukan da ke jikin kwamfuta da abin da ake cusawa a kowanne, yau kuma zamu ɗauki wani ɗan ƙaramin abu da bai fi farcen babban yatsa ba, wanda in ka soka shi a ramin USB sai kwamfutar ta iya magana da sifika ko iyafis ko maus ko wayar hannu ba tare da an ja wani kebul ba. Sunansa adaftan bulutut, masu gyara kuma dongul suke ce masa. A jikin allon kwamfuta da kwali zaka ga an rubuta Bluetooth, ka riƙe wannan rubutun a idonka don shi zaka dinga nema.

Sunan ma na wani sarki ne, Harald, da ya yi mulkin Denmak sama da shekara dubu da suka wuce, laƙabinsa ke nan wai mai shuɗin haƙori. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikin fasahar a 1994, a 1998 kuma ya haɗu da Nokia da Intel da IBM da Toshiba suka tsaya a kan ƙa'ida ɗaya, shi yasa yau sifikar wani kamfani take jin kwamfutar wani kamfanin daban. Alamar nan fara a cikin shuɗi mai kama da B mai tsini, haruffan farko ne na sunan sarkin a tsohon rubutunsu aka haɗa wuri ɗaya.

Ka fara dubawa ko kana buƙatarsa ma

Yawancin laftof na wannan zamanin da bulutut ɗinsu a ciki suke zuwa, kwamfutar tebur ce dai sau da yawa ba ta da shi. Kafin ka nemi adafta, danna maɓallin Windows (mai hoton taga) tare da harafin X, jeri zai fito, ka zaɓi Device Manager. In ka ga layi da aka rubuta Bluetooth toh kana da shi, ƙila a kashe yake kawai. In babu, shikenan sai adafta.

Akwai kuma kuskuren da kusan kowane aji sai na samu mai yinsa. Ɗan abin nan da ke zuwa a cikin kwalin maus ko kibod mara waya, kamarsu ɗaya sak da adaftan bulutut, amma yawanci ba shi ba ne, wancan maus ɗinsa kaɗai ya sani, ko ka kwana kana neman sifika da shi ba zai gan ta ba. Ka duba kwali, in babu alamar B ɗin nan ka ajiye.

A kwalin zaka ga lamba, 4.0 ko 5.0 ko 5.3. Na 4.0 a 2010 ya fito, na 5.0 a 2016. Sabo yana aiki da tsoho ba matsala, sai dai in suka haɗu da ƙarfin tsohon ake tafiya. Ni dai shawarata ka ɗauki 5.0 zuwa sama, amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne ka karanta wane Windows aka ce yana yi da shi, 10 ko 11, domin wasu tsofaffin adaftocin an daina yi musu direba.

Sokawa

Ka kunna kwamfuta ta gama tashi tukuna. Ka soka adaftan a ramin USB a hankali, in ya ƙi shiga kar ka danna da ƙarfi, juya shi kawai. Zaka ji ɗan sautin nan na cewa an saka wani abu, wasu adaftocin kuma 'yar fitila shuɗiya zata fara ƙyaftawa. Daga nan ka naɗe hannu minti ɗaya ko biyu. A wannan lokacin Windows tana neman direba ne, kuma direba a nan ba mai tuƙin mota ba, wata 'yar manhaja ce da ke yi wa kwamfuta tafinta tsakaninta da sabuwar na'ura, in babu ita adaftan yana nan a soke amma kurma ne. Windows 10 da 11 galibi da kansu suke samo ta, musamman in akwai intanet a lokacin.

Ka koma Device Manager ka duba. Layin Bluetooth ya fito lafiya lau? Madalla. In kuwa ka ga 'yar alwatika ruwan ɗorawa mai alamar motsin rai a jikin wani layi, direba ce ba ta zauna ba, sai ka sa faifan da ya zo cikin kwali in akwai, ko ka je shafin kamfanin da ya ƙera adaftan ka rubuta lambar samfurin da ke jikin kwalin ka sauke. Shafin kamfanin fa, ba duk shafin da ya tare ka da katon maɓalli kore yana cewa danna nan ba, irin waɗannan da ƙwayar cutar kwamfuta suke haɗa mutum. In ka gama ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa.

Ga masu laftof ɗin da bulutut ɗin cikinta ya lalace ko ya tsufa: Windows ba ta aiki da bulutut biyu lokaci guda. Saika danna maus na dama a kan tsohon a cikin Device Manager, ka zaɓi Disable device, sannan ka soka sabon.

Gabatarwa, nan ne aikin yake

Nan nake so mu zauna sosai, domin cikin mutum goma da suke zuwa min da kukan wai adafta ba ya aiki, mafi yawansu adaftan lafiyarsa ƙalau, gabatarwa ce ba a yi daidai ba. Na'urori biyu na bulutut ba sa magana da juna haka kawai don suna ɗaki ɗaya. Sai an gabatar da su sau ɗaya sun san juna sun ajiye wani makullin sirri a tsakaninsu, daga ranar duk sanda suka ga juna da kansu zasu haɗu. Kuma kunna sifika daban, sa ta cikin shirin karɓar baƙo daban.

Mu ɗauki sifika. Ka yi mata caji, ka kunna, sannan ka danne maɓallin da ke da alamar bulutut, ko maɓallin kunnawa a wasu, ka riƙe kar ka saki har sai fitilarta ta fara ƙyaftawa da sauri-sauri, wasu shuɗi da ja suke yi bi da bi, wasu kuma murya ce zata yi magana. Ƙyaftawa a hankali ba shi ba ne, wannan tana neman tsohon abokinta ne. Iyafis masu akwati kuwa ka buɗe murfin suna ciki, in akwai ɗan maɓalli a jikin akwatin ka danne shi.

Yanzu ka juyo kan kwamfuta ba tare da ɓata lokaci ba don shirin nan na 'yan mintoci ne. Danna maɓallin Windows da harafin I, setin zai buɗe. A Windows 11 ka shiga Bluetooth & devices, a Windows 10 kuma ka shiga Devices. Ka tabbata makunnin bulutut yana kan On. Danna Add device mai alamar tarawa (a Windows 10 Add Bluetooth or other device aka rubuta), a tagar da ta fito ka zaɓi na sama, Bluetooth. Sunaye zasu fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, har da na maƙwabta wani lokacin, kai dai ka nemi sunan taka, yana rubuce a ƙasan sifikar ko a takardarta. Ka danna shi ka jira ka ga Connected.

In an tambaye ka lamba a tsohuwar na'ura, gwada 0000, in ya ƙi 1234. In kibod ne, kwamfuta zata nuna maka lambobi, ka buga su a kan sabon kibod ɗin ka danna Enter ko da baka ga komai yana fitowa ba. In waya ce, jerin lambobi guda shida zai fito a fuskokin biyu, ka karanta su da kyau ka ga sun yi daidai kafin ka amince a nan ka amince a can. Lambar nan ba ado ba ce, ita ce shaidar cewa da wayarka kake haɗawa ba da ta wani ba, don haka in saƙon neman haɗi ya faɗo maka kai kuwa baka nemi kowa ba, ka ƙi.

Wata ɗaliba a ajinmu, dattijuwa mai haƙuri, ta bi duk matakan nan har sau biyar sunan sifikarta ya ƙi fitowa, har ta fara cewa Malam ƙila hannuna ne ba shi da sa'a. Na ce Hajiya wa ya yi amfani da ita ƙarshe? Ta ce ai da wayata nake ji. Wayar kuwa tana cikin jakarta a ƙarƙashin benci, bulutut a kunne, tana kunna sifikar wayar take cafke ta tun kafin kwamfuta ta buɗe ido. Muka kashe bulutut ɗin wayar, ko ƙirga goma ba mu yi ba sunan ya fito. Yawancin sifikoki da iyafis abokin hira ɗaya suke riƙewa a lokaci guda, saboda haka kafin komai ka kashe na wayar.

An haɗa amma shiru? Danna hoton lasifika a kusurwar ƙasa kusa da agogo, ka zaɓi sunan na'urarka a matsayin inda sauti zai fita, ka duba kuma ba a rage murya ba a ɓangarorin biyu.

In sauti yana yankewa

Bulutut rediyo ne ɗan ƙarami mai rauni, yana aiki a zangon 2.4 GHz, kuma a wannan zangon akwai cunkoso, Wi-Fi na nan, na'urar ɗumama abinci ta maikirowef ma na nan. Dabararsa ita ce ba ya zama wuri ɗaya, yana tsalle tsakanin tashoshi 79 har sau 1,600 a daƙiƙa guda don ya kauce wa hayaniya. Nisan yawancin ƙananan adaftoci kamar mita 10 ne a fili, akwai masu ƙarfi da ake rubuta musu mita 100 amma wannan sai a filin da babu komai kuma sai ɗaya na'urar ma tana da irin ƙarfin. Bango yana rage shi, ƙarfe yana tare shi, jikin mutum ma yana sha saboda ruwan da ke cikinsa.

Ni kaina na taɓa ɓata yamma guda a kan wannan. Na soka adafta a bayan akwatin kwamfutar tebur, akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur jingine da bango, gefensa kuma na soka hadis na waje, wato hard disk da ake ajiye fayiloli a ciki, a ramin USB 3, mai shuɗin harshe ɗin nan. Sauti sai ya dinga in'ina, maus yana tsalle kamar fara, na cire direba na mayar, na zagi adaftan iya son raina har na ɗauko kwalinsa zan mayar. Ashe USB 3 in yana aiki yana fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4 ɗin, kamfanin Intel ma ya fitar da bayani a kan haka tun 2012. Na samo guntun kebul ɗin ƙarin tsawo na USB, na jawo adaftan ya hau kan tebur yana kallon sifikar, magana ta ƙare. In baka da kebul ɗin, ka dawo da shi ramin gaba, kuma ka fi son rami mai baƙin harshe, wato USB 2, nesa da hadis ko filash.

Wani abin da ke ruɗa mutane, kana jin karatu ko waƙa garau a iyafis, ana kiranka a intanet sai muryar ta koma kamar daga cikin rijiya. Ba lalacewa ba ce. Da zarar makirfon ɗin iyafis ya buɗe, bulutut yana sauka zuwa tsarin kiran waya mai ƙaramin inganci, in an gama kiran zai dawo. In abin ya dame ka, a setin manhajar kiran ka zaɓi makirfon ɗin kwamfutar, iyafis ya tsaya a ji kawai.

Maus ɗin da ke yin barci yana farkawa da ƙyar kuwa, je Device Manager, danna adaftan sau biyu, in akwai shafin Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tattalin wuta. In kuma na'ura ta yi taurin kai gaba ɗaya bayan da tana yi, ka cire ta da Remove device ka sake gabatarwa daga farko.

Tura fayil daga waya

Ana yi, amma kar ka sa rai da gudu. Iyakar abin da yake ja bai wuce megabit biyu da ɗan ɗoriya a daƙiƙa ba, kaga fayil mai MB 100 sai ya haura minti shida ko da komai na tafiya daidai. Hoto ɗaya ko takarda ba laifi, bidiyon awa guda kuwa ka nemi kebul. Yadda ake yi, danna Windows da R, ka rubuta fsquirt ka danna Enter, ka zaɓi Receive files, ka bar tagar a buɗe, sannan ka tura daga wayar. In ka fara turawa kafin ka buɗe tagar zai ce ya kasa. Wannan na wayoyin Android ne, iPhone ba ta tura fayil zuwa Windows ta wannan hanyar.

Aikin gwaji

Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya soka adafta ya nuna wa ɗan uwansa layin Bluetooth a Device Manager, ɗayan ya haɗa sifika. In sauti ya fito, mai sifikar ya tashi ya dinga ja da baya yana ƙirga taku har inda ta fara yankewa, ya rubuta adadin a littafinsa, sannan ya sake yi da ƙofa a rufe a tsakani ya rubuta wannan ma. Daga nan ku cire ta da Remove device ku yi musanya, wanda ya kalla ɗazu shi zai yi yanzu, kuma kar ɗan uwansa ya taɓa masa maus. Ku zo da lambobin biyu darasi na gaba.