Yadda ake auna tasirin musayar babban ɗan wasa a ƙwallon kwando

Duk lokacin da aka yi musayar wani tauraro a gasar NBA ta Amurka, matasanmu na Maradi da ke kwana ido biyu don kallon wasa sukan cika fada da gardama tun kafin shayin farko ya tafasa, kowa na rantsuwa cewa kofi ya samu.

Kafin ka yanke hukunci, fara duba abin da ƙungiyar ta bayar, domin nan ne akasarin masu lissafi ke kuskure. A 2023 ƙungiyar Phoenix ta ɗauko Kevin Durant, amma ta rabu da Mikal Bridges da Cam Johnson, sai ga shi Denver ta fitar da ita a zagaye na biyu na wasannin neman kofi na ƙarshen kaka saboda 'yan benci sun yi ƙaranci. Toronto kuwa, da ta karɓo Kawhi Leonard a 2018, ta riƙe Kyle Lowry da Pascal Siakam, ta kuma ɗauki kofi a 2019.

Daga nan ka tambayi kanka ko salon sabon ɗan wasan zai zauna da na abokansa, tunda ƙwallo ɗaya ce tak a fili, kuma wanda ya saba riƙe ta ba ya sakinta da sauƙi. A ganina, tsaron gida ya fi yawan maki muhimmanci a wannan ma'auni.

Ka duba shekarunsa da tarihin rauninsa, sannan ka jira aƙalla wasa 20 kafin ka buɗe baki a fada.