Yadda Ake Gano Asalin Mai Tsohon Agogo Daga Rubutun Bayansa

Idan ka sayi tsohon agogo mai suna a bayansa, kada ka bari a goge shi. Masu gyara na son miƙo maka shi yana ƙyalli, alhali gugar tana cinye haruffan, kuma su ne abin da ka saya. Ka haska shi ta gefe ka ɗauki hoto, haruffan da suka fara shafewa za su fito.

Daga nan sai mai gyara ya buɗe murfin. In lambobin fuskar agogon na da tsohon fenti mai haske da dare, a yi hattara da ƙurarsa, don kafin shekarun 1960 da sinadarin radiyam mai cutar da jiki ake haɗa shi. Lambar da ke kan inji ita za ka kwafa. A da, kamfanonin Amurka irin su Elgin da Waltham inji suke ƙerawa, gidan agogon, wato ƙarfen da ke rufe injin, daban ake saye, don haka lambar murfi takan ɓatar da mutum. Shafin intanet na Pocket Watch Database zai ba ka shekarar injin. Kamfanin Longines na Switzerland kuwa na da kundin agogunansa tun daga 1867.

In gidan na azurfar Ingila ne, duba ƙananan tambura a cikin murfi: zaki shaidar azurfa ce, kan damisa Landan, ƙugiyar jirgin ruwa Birmingham, sai harafi guda na shekara. A nan ake kama ƙarya. Rubutu ya ce 1912, inji na 1930, to ko an canja inji, ko wani ya zana suna don ya tsuga kuɗi.

Sai bayan shekarar agogon ta tabbata ake bin suna. Alamar kibiya da W.W.W. na nufin kayan sojan Birtaniya na 1945, lambar jikinsa ba ta mutum ba ce. Amma in akwai suna da lambar soja, nemi rajistar Commonwealth War Graves Commission, hukumar kula da kaburburan sojojin yaƙin duniya, wadda ta ƙunshi har 'yan Najeriya da suka rasu a yaƙin Bama. In kyautar ritaya ce daga reluwe ko kamfanin ciniki, nufi ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ka duba tsoffin jaridu kamar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939.

In ka gano iyalin, ka bi ta hannun mai unguwa. Kuma ka yanke shawara tun kafin ka yi sallama ko za ka iya rabuwa da agogon, domin jikoki sukan nemi a sayar musu.