Haƙoran roba: kurakuran da ke sa mutum ya cire su ya haƙura

Mahaifiyata ta yi wata uku tana ɓoye mana cewa haƙoran roban da aka yi mata suna cin dasashinta. In an kawo abinci sai ta ce ba ta jin yunwa, ko ta juya baya ta zare na ƙasan ta naɗe a hankici, ta riƙa haɗiyar abu ba tauna. Ranar da na matsa ta buɗe baki na gani, akwai miki fari-fat a gefen harshe, kewayensa ja wur. Na ce, "Mama, me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "Likitan ya yi ƙoƙarinsa, kunya nake ji in koma in ce bai yi ba."

Wannan kunyar ita ce kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma ya fi kowanne sauƙin gyara. Ba a yin haƙoran roba su zauna daidai tashi ɗaya. Likitan haƙori ya san za a dawo masa sau biyu, sau uku, ko fiye, don ya kankare inda robar ke danna nama. Aikin minti kaɗan ne. Sai dai akwai dabara: kada a cire haƙoran kwana da kwanaki sannan a je, domin mikin zai lafa, likita ya rasa inda zai taɓa. A daure a sa su na wasu awanni kafin a tafi, wurin da ke ciwo zai nuna kansa. Kuma don Allah kada a ɗauki reza ko wuƙa a ce za a rage da kai. Abin da aka kankare ba ya dawowa, kuma gefen robar nan da ake gani kamar ya yi yawa shi ne ke riƙe haƙoran.

Daga nan sai zaton cewa baki zai tsaya yadda yake ranar da aka auna shi. Da zarar an cire haƙori, ƙashin da ke riƙe da shi yakan fara zaizayewa, da sauri a wata 6 na farko zuwa shekara, daga baya a hankali har ƙarshen rai. Na muƙamuƙin ƙasa ya fi saurin tafiya. Shi ya sa wanda aka sa wa haƙora ranar da aka cire nasa zai ga sun fara girgiɗi bayan 'yan watanni. Ba lalacewa suka yi ba, dasashin ne ya janye ya bar su. Gyaransa shi ne likita ya ƙara roba ta ciki ya cike ratar. Bayan shekara 5 zuwa 10 kuma yawanci sai an yi sababbi.

Na saman ba su cika ba da wahala ba, don suna manne wa ganɗa kamar yadda kofi ke kama leɓe in an zuƙe iskar ciki. Na ƙasan ne rigima. Ba su da faɗin wurin kamawa, ga harshe yana tura su ta ciki, kumatu ta waje. Mutane da yawa sukan ɗauka nasu ne aka yi ba daidai ba, alhali haka na kowa yake, sai harshe da kumatu sun koyi riƙe su, wanda kan ɗauki makonni. Wanda ya yi iya haƙurinsa abin ya ƙi, ya tambayi likita batun dasa ƙusoshi biyu a ƙashin muƙamuƙin ƙasa waɗanda haƙoran za su maƙale a kai. Tun 2002 wani taron masana a Jami'ar McGill ta Kanada ya ce wannan ne ya kamata ya zama zaɓin farko ga muƙamuƙin ƙasa, in hali da lafiyar ƙashi sun bari.

Wurin cin abinci kuwa, hannu da baki sukan koma tsohuwar ɗabi'a. Mutum ya gatsa da haƙoran gaba, bayan robar ya ɗaga, abin ya faɗo gaban jama'a, daga ranar ya daina ci cikin mutane. A yanka abinci ƙanana, a fara da mai laushi, a raba lomar biyu a tauna hagu da dama lokaci guda don kada haƙoran su karkata. Ƙarfin tauna da su bai kai rabin na haƙoran asali ba, saboda haka gaggawa ba ta da amfani. A kuma kula da zafi, tunda roba ta rufe ganɗa, ba a jin ƙunar abu sai ya isa maƙogwaro. Yawan miyau da sauyin lafazin wasu haruffa a kwanakin farko sukan wuce da kansu. Karatu da ƙarfi na ɗan lokaci kullum yana gaggauta hakan.

Abin da na fi so a ji shi ne batun kwana da su. Na san dalilin. Mutum ba ya so abokin zamansa ko jikokinsa su ga bakinsa a lotse, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciya. Amma naman da ke ƙarƙashin roba yana bukatar ya sha iska. In an rufe shi dare da rana, wata irin funfuna takan yaɗu, ganɗa ta yi ja, kusurwar leɓe ta tsattsage, sau da yawa ma ba tare da zafin da zai ankarar da mutum ba. Wani bincike da aka buga a 2015 kan tsofaffi 'yan shekara 85 zuwa sama a Japan ya gano cewa masu kwana da haƙoran roba sun ninka sauran haɗarin kamuwa da namoniya. A cire su da dare a sa cikin ruwa mai tsabta. Daren farko bayan cire haƙori ne kawai likita kan ce a bar su a baki.

Wanki ma ana kuskurensa da kyakkyawar niyya. Man goge baki na yau da kullum yana karce roba, ƙwayoyin cuta su sami maɓoya. Ruwan zafi yana lanƙwasa ta. Burushi mai laushi da sabulu marar ƙarfi ko maganin da aka yi don haka sun isa, kuma a wanke a kan kwano mai ruwa ko tawul, domin faɗuwa ɗaya a kan siminti takan raba su biyu. In sun karye kada a liƙa da gam, a kai wa likita duka ɓangarorin. Dasashi da harshe da ganɗa su ma a goge su kullum.

Man liƙa haƙora ɗigo uku ko huɗu ƙanana ya wadatar. Wanda ya ga yana ƙarawa sau da yawa a yini, haƙoransa ne ke neman gyara. Wasu nau'o'in man suna da sinadarin zinki, kuma yawan haɗiyarsa shekara da shekaru yana iya taɓa jijiyoyi, a fara jin hannu da ƙafa suna mutuwa.

Wasu kuma sukan ce tunda babu haƙori ko ɗaya, me za a je yi wurin likitan haƙori? A je ko sau ɗaya a shekara. Zai duba zaman haƙoran, ya kuma duba harshe da ƙarƙashinsa, inda kansar baki kan fara ba ciwo. Duk mikin da ya wuce mako biyu bai warke ba bayan an gyara robar, kada a jira shekara ta zagayo. Na Mama, da aka rage wurin da ke dannawa, kwana takwas ya yi ya rufe, kuma ta koma cin abinci tare da mu.