Yadda nake zaɓa wa ofishinmu na mutum tara inshorar lafiya

Mu tara ne a ofis: ni da abokin tarayyata, masu zane biyar, mai zagaya wuraren gini ɗaya, sai matar da ke riƙe mana lissafi. Gidaje da ƙananan gine-gine muke zanawa a nan Amurka. Shekarar da muka fara saya wa ma'aikata inshorar lafiya, dillali ya kawo takarda mai tsare-tsare shida, na bi layin kuɗin wata da ido, na ɗora yatsa a kan mafi araha. Bayan wata huɗu ɗaya daga cikin masu zanen ya shigo ya tura ƙofa, ya ce likitar da ke duba cikin matarsa ba ta cikin tsarin, asibitin da za ta haihu ma haka. Ni da kullum nake hana mutane karɓar farashin ɗan kwangila sai sun ga ko ya sa rufi da wayar wuta a ciki, sai ga shi na sayi gini babu rufi. Tun daga nan na canja yadda nake yi.

Dokar tarayya ba ta tilasta wa ƙaramin ofis saya wa ma'aikata inshora ba, ka fara sanin wannan. Dokar kula da lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, kamfani mai ma'aikatan cikakken lokaci 50 ko fiye ta ɗora wa wajibi, kuma a wurinta mai aikin awa 30 a mako cikakken ma'aikaci ne. Mu muna yi ne don manyan kamfanoni suna yi, kuma mai zanen da ka sha wahalar horarwa shekara uku zai iya tafiya saboda wannan kaɗai. Kafin a sayar maka da inshorar kamfani, ana buƙatar ka sami aƙalla ma'aikaci ɗaya na albashi wanda ba kai ba ne, ba kuma matarka ko mijinki ba. Wanda kake ba aikin zanen hoton gini lokaci-lokaci yana kawo maka takardar biya, yawanci ba ya shiga.

Kafin ka kira dillali, ka zauna da mutanenka. Abin da kake nema uku ne: wa zai shiga, da iyali ko shi kaɗai, wane likita ko asibiti ne ba zai iya rabuwa da shi ba, wane magani yake sha kullum. Na biyu da na uku kada su biyo ta hannunka. Ciwon mutum sirrinsa ne, kuma kai ne mai biyan albashinsa. Ni dillali nake haɗa su da shi, kowa ya aika masa kai tsaye, shi kuma ya ce mini tsari kaza ya ɗauki kowa, tsari kaza ya bar mutum biyu a waje, ba tare da suna ba. Tambaya ta farko kuwa tana da nauyi, domin kamfanonin inshora sukan so wajen kashi 70 cikin ɗari na ma'aikata su shiga, kuma sukan so kai ka biya aƙalla rabin kuɗin watan ma'aikaci. Wanda yake cikin inshorar matarsa, ko matashin da bai kai shekara 26 ba yana ƙarƙashin ta iyayensa, galibi ba a lissafa shi cikin waɗanda suka ƙi. In duk da haka ba ka cika adadin ba, daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Disamba na kowace shekara ana ɗage wannan sharaɗi.

Dillali ba kai kake biyansa ba, kamfanin inshora ke ba shi la'ada, amma la'adar tana cikin kuɗin da kake biya. Ka tambaye shi kamfanoni nawa yake hulɗa da su da kuma nawa yake samu. Babu rashin kunya a ciki. Tun ƙarshen 2021 doka ta ce ya bayyana a rubuce in abin ya kai dala 1,000. Wanda ya kawo maka tsare-tsaren kamfani ɗaya tak, ka nemi wani ya ƙara maka ido.

Yanzu lissafi, inda na faɗi a karon farko. Lambobi huɗu ne a kowane tsari. Akwai kuɗin wata. Akwai kuɗin farko, wato abin da mutum zai biya daga aljihunsa a shekara kafin inshora ta fara sa hannu. Akwai kason da zai ci gaba da biya bayan haka, ko dai ƙayyadadden kuɗi a kowace ganin likita ko kashi kaza cikin ɗari na kuɗin aiki. Sai kuma iyakar aljihu, inda in ya kai nan inshora ta ɗauki sauran duka har ƙarshen shekara. A 2025 doka ta tsayar da wannan iyaka kada ta wuce dala 9,200 ga mutum ɗaya, 18,400 ga iyali. An kasa tsare-tsaren gida huɗu: tagulla na ɗaukar kusan kashi 60 na kuɗin jinyar jama'ar da ke cikinsa, azurfa 70, zinariya 80, filatinam 90. Sunan ƙarfen bai shafi ingancin likita ba, rabon kuɗi kawai yake nunawa.

A ce ga tsari biyu, lambobin na misali ne. Na ɗaya dala 450 a wata, kuɗin farko 6,000, iyaka 9,000. Na biyu dala 600 a wata, kuɗin farko 1,500, iyaka 5,000. A shekarar da mutum bai ga likita ba, na ɗaya ya ci 5,400, na biyu 7,200, rarar 1,800 ke nan. A shekarar tiyata ko haihuwa mai wuya, na ɗaya ya kai 14,400, na biyu 12,200. Har nan za ka ce ai kusan kunnen doki ne. To duba wa ke cin rarar, wa ke ɗaukar asarar. In ofis na biyan kashi 70 na kuɗin wata, daga cikin 1,800 ɗin nan 1,260 aljihunka suka koma, ma'aikaci ya tsira da 540. Ƙarin 4,000 na mummunar shekara kuwa, wato tazarar iyakar 9,000 da ta 5,000, shi kaɗai zai biya. Da na ga wannan a rubuce na ji kunyar zaɓina na farko fiye da ranar da aka tura mini ƙofa. Saboda haka kowane tsari layi biyu nake cike masa, shekarar lafiya da shekarar jinya, kuma kowane layi na raba shi gida biyu, na ofis da na ma'aikaci.

Akwai takardar da ke sauƙaƙa wannan aiki, taƙaitaccen bayanin tsari da doka ta wajabta wa kowane kamfani ya bayar a fasali iri ɗaya. A ƙarshenta akwai misalai uku: haihuwa, kula da ciwon suga, da karaya mai sauƙi, kowanne da abin da mutum zai biya. Ka jera su a tebur kamar yadda kake jera zane a kan zane. Kada ka yarda da ƙasidar talla mai hotunan mutane suna dariya.

Jerin likitoci shi ne rufin da na manta. Tsarin HMO ya fi araha, amma sai ka bi ta likitanka na farko ya tura ka wurin ƙwararre, kuma in ka fita daga jerinsu babu abin da za su biya sai in gaggawa ce. PPO ya fi tsada, ya bar ka ka je inda ka ga dama, har wajen jerin yana biyan wani abu. EPO na tsakani: babu biya a waje, amma galibi ba a neman takardar turawa. Ga ofishin zane wannan ya fi shafar mutum biyu, mai zagaya wuraren gini in aikinku na ƙetara jiha, da wanda yake aiki daga gida a wata jihar. Ɗaya daga cikin namu ta koma wata jiha tana aiko mana zane, sai muka tarar tsarinmu ba shi da likita ko ɗaya a kusa da ita. Kuma kada ka tsaya ga jerin da ke intanet. Kowa ya buga wa asibitinsa waya ya faɗi cikakken sunan tsarin, domin kamfani ɗaya na iya samun jeri uku, likita yana cikin ɗaya ba ya cikin biyu. Magani ma haka, kowane tsari da jerin magungunansa da matakin farashinsu.

In mutum ya faɗo daga tsani a wurin gini, wannan ta inshorar diyyar ma'aikata ce, daban take. Haƙori da tabarau na manya ma daban ake sayensu.

Farashin da za a ba ka bai dogara da lafiyar mutanenka ba. Tun 2014, a kasuwar ƙananan kamfanoni, shekaru da wurin zama da yawan iyali da shan taba kawai ake dubawa, kuma na dattijo ba zai wuce ninki uku na matashi ba. Jihohi irin su New York ma ba sa bambanta shekaru. Abin da wannan ke nufi a ofis irin namu, inda masu kamfani sun haura hamsin, masu zane ba su kai talatin da biyar ba, shi ne ka yanke tun wuri ko kaso za ka biya wa kowa ko kuɗi ƙayyadadde. Tun ran gini ran zane. Canja wannan daga baya rigima ce.

Matasanmu sun fi son tsari mai babban kuɗin farko wanda ake haɗawa da asusun HSA, inda ake ajiye kuɗin jinya ba haraji, kuɗin kuma na mutum ne ko ya bar aiki. A 2025 ana iya zuba har dala 4,300 ga mutum ɗaya, 8,550 ga iyali. Ina goyon bayansa da sharaɗi ɗaya: rarar da ofis ya samu a kuɗin wata, a zuba wani abu daga ciki a asusun. In ba haka ba, dabara ce kawai ta tura wa yara nauyi. Mu yanzu tsari biyu muke ajiyewa, wannan da wani na zinariya, kowa ya ɗauka.

Za a yi maka tallan wani tsari da ofis ke biyan kuɗi daidai kowane wata cikin asusun jinyar mutanensa, da alkawarin mayar da rara in ba a yi ciwo ba. A nan ana tambayar lafiyar kowa, kuma shekara ɗaya ta jinya mai tsada na iya sa farashin sabuntawa ya yi tsalle. Mutum tara sun yi kaɗan su ɗauki wannan, a ganina. Wanda ya fi dacewa a duba shi ne ICHRA, da ya fara a Janairun 2020, ko QSEHRA na kamfanonin da ba su kai mutum 50 ba: kai ka ware kuɗi ba haraji, kowa ya sayi tasa inshorar. Ga ofishin da mutanensa ke warwatse a jihohi, wannan na iya zama mafita.

Rangwamen harajin ƙananan kamfanoni, mai kaiwa rabin abin da ka biya, yana buƙatar ma'aikata ƙasa da 25, saye ta SHOP, kasuwar inshorar da gwamnati ta buɗe wa ƙananan kamfanoni, da matsakaicin albashi ƙasa da wani ƙa'idi, kuma shekara biyu a jere kawai ake samu. Albashin masu zane yakan wuce ƙa'idin. Ka tambayi akantanka, minti biyar ne. Ka tambaye shi kuma tsarin sashe na 125 na dokar haraji, wanda ke sa a cire kason ma'aikaci kafin haraji, domin abokan tarayya da masu hannun jari sama da kashi 2 a kamfani nau'in S (wani rukunin kamfanoni a dokar haraji) ba sa shiga cikinsa kamar sauran.

Sabon ma'aikaci ba za ka jinkirta masa shiga inshorar fiye da kwana 90 ba. Mu farkon watan da ke biye muke sa shi. Takardar sabuntawa kuma takan iso saura wata biyu ko makamancin haka, daidai lokacin da wani zane ke jiran miƙawa, shi ya sa na sa wa kaina tuni a kalanda saura kwana 90, na tura wa dillali sabon jerin ma'aikata, na ce kowa ya sake buga wa likitansa waya.